Wata 40 a layin neman gidan hukuma: yadda wata uwa ta fita daga ciki da falo a arewacin Ingila

Asalin lamarin: Agusta 2019 zuwa Satumba 2020

A watan Agusta 2019 matar ta sauka a wani gari na arewacin Ingila da 'ya'ya biyu, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 4, bayan aurenta ya mutu. Ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi. Wurin da ƙarfinta ya kai ta kama haya shi ne ciki da falo a ƙasan wani tsohon bene, mallakar wani ɗan kasuwa, a kan fam 600 a wata. Ita da yarinyar suna kwana a uwar ɗaka, yaron yana shimfiɗa a falo.

Da sanyin farko ya shigo, bangon da ke bayan gadon ya fara tsattsafo da danshi, baƙar fumfuna ta bi kusurwar taga ta haura zuwa silin. Ta wanke, ta dawo. Ta faɗa wa mai gidan, ya aiko mata da gwangwanin fenti, ya ce ta riƙa buɗe taga. Kafin sanyin ya wuce yarinyar ta fara tarin dare, likita ya ce asma ce.

Abin da ta sa a ranta shi ne gidan haya na hukuma. A Ingila irin waɗannan gidaje suna hannun ƙananan hukumomi ko ƙungiyoyin gidaje da ba riba suke nema ba. Hayarsu ta fi ta kasuwa sauƙi, kuma muddin kana biya ba a tashinka haka kawai. Sai dai sun yi kaɗan. Tun dokar 1980 ta zamanin Margaret Thatcher, wadda ta ba ɗan haya damar sayen gidan hukumar da yake ciki da rangwame, an sayar da gidaje kusan miliyan 2 a Ingila, ba a kuma gina madadinsu daidai da haka ba. A shekarun da wannan labari ya faru, iyalan da ke cikin rajistar jiran gida a Ingila sun kai wajen miliyan 1.3.

Fom na farko: Oktoba 2020

Ta cike fom ta intanet, ta ɗora takardun haihuwar yaran, takardar haya, da shaidar albashi. Tambaya ta farko da ake yi wa kowa ita ce ta izinin zama. Wanda bizarsa ta hana shi cin tallafin gwamnati ba ya shiga rajistar ko da a titi yake kwana. Ita tana da izinin zama na dindindin, don haka ta wuce wannan ƙofa.

Ta biyu ce ta tsayar da ita. Dokar 2011 ta sakar wa ƙananan hukumomi mara su tsara wa kansu wanda ya cancanci shiga rajistarsu, sannan a 2013 gwamnati ta ba su shawarar su nemi mutum ya zauna a yankinsu aƙalla shekara biyu. Wannan ƙaramar hukuma ta bi shawarar. Matar wata 14 kacal ta yi a garin. Amsar ta zo a wasiƙa mai shafi ɗaya: ta dawo a watan Agusta mai zuwa. Wata goman da ta jira ba su shiga lissafin komai ba.

Rukuni C: Agusta 2021

A karo na biyu aka karɓe ta, aka sa ta a rukuni C, aka rubuta cewa tana buƙatar gida mai ɗakin kwana biyu.

A nan ya kamata a tsaya a ga yadda abin yake, domin ita kanta ba ta gane shi ba sai bayan fiye da shekara. Mutane suna cewa "layi", amma ba irin layin gidan mai ba ne, inda wanda ya riga zuwa yake riga sha. Dokar gidaje ta 1996 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta rubuta tsarin rabonta, ta buga shi kowa ya gani, kuma kada ta ba da gida ko ɗaya sai bisa shi. Ta kuma lissafa mutanen da dole a ba su fifiko: marasa matsuguni da waɗanda hukuma ta ɗauki nauyinsu saboda haka, masu zama cikin cunkoso ko gidan da bai dace da zaman ɗan Adam ba, waɗanda lafiya ko nakasa ko wata larura ta tilasta musu sauya gida, da waɗanda rashin komawa wata unguwa zai jefa su ko wasu cikin wahala. Yadda za a jera su kuwa, wannan na kowace ƙaramar hukuma ne. Wasu maki suke bayarwa, da yawa kuma rukuni-rukuni suke yi.

A wannan gari rukuni huɗu ne. A na waɗanda ransu ke cikin haɗari, ko wanda asibiti ya kasa sallama saboda ba gidan da zai koma, da kuma tsofaffin da suka yarda su bar babban gidan hukuma su koma ƙarami. B na masu buƙata mai tsanani, ciki har da iyalin da suka rasa ɗaki biyu ko fiye. C na waɗanda suka rasa ɗaki ɗaya. D na sauran. A cikin kowane rukuni, wanda ya fi daɗewa a rukunin shi ne gaba.

Ƙidayar ɗakuna ma tana da ƙa'ida. Ma'aurata ɗaki ɗaya, babba mai shekara 21 zuwa sama ɗaki ɗaya. Yara biyu da ba su kai shekara 10 ba suna iya haɗa ɗaki ko da mace da namiji ne. Daga shekara 10 kuwa sai jinsi ɗaya suke haɗawa. Da wannan ma'auni, uwa da yara biyu ƙanana ɗaki biyu ne haƙƙinsu, ita kuma ɗaya take da shi.

Ta yi gardama cewa mutum uku a ciki da falo ai cunkoso ne da doka ta hana. Aka nuna mata ba haka ba ne. Ma'aunin cunkoso na dokar 1985, wanda asalinsa tun shekarun 1930 ne, yana ƙirga falo a matsayin wurin kwana, yana ƙirga yaron da bai kai shekara 10 ba a matsayin rabin mutum, jaririn da bai shekara ba kuma ba a ƙirga shi sam. A wannan lissafi su mutum biyu ne a ɗakuna biyu.

Tayi da wasiƙu: Satumba 2021 zuwa Yuni 2022

Ba a kiran mutum a ce ga gidanka. Kowane mako ana tallata gidajen da suka zama babu kowa a shafin intanet, da hoto da unguwa da kuɗin haya, mai nema ya zaɓi har uku ya taya. Tayi ne da babu kuɗi a cikinsa, nuna sha'awa ne kawai. In mako ya ƙare kwamfuta ta jera masu tayin bisa rukuni da ranar shiga rukuni. Wannan salo daga garin Delft na ƙasar Holan aka aro shi, ya bazu a Ingila daga farkon shekarun 2000.

Wata goma ta yi tana tayi ba fashi. Duk gidajen da ta zaɓa masu ɗan fili a baya ne, a unguwanni biyu da ke kusa da makarantar yaran. Matsayi mafi kyau da ta taɓa samu shi ne ta 63. Akwai makon da ta zo ta 140.

Sai ta koma neman takardu. Ta biya likitan unguwa ya rubuta mata wasiƙa. Layi huɗu ce: yarinyar tana da asma, tana amfani da abin shaƙa, sauya gida zai taimaka wa iyalin. Kwamitin da ke duba larurar lafiya ya ƙi ƙara mata matsayi. Dalilinsu shi ne tambayar da ke gabansu ba ita ce ko yarinyar tana da ciwo ba. Abin da suke so su gani shi ne ko wannan gidan ne yake ta'azzara ciwon, da kuma ko gyara ba zai magance shi ba sai ƙaura. Wasiƙar ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Ta je wurin ɗan majalisar mazaɓar. Ofishinsa ya rubuta wa ƙaramar hukuma, aka amsa masa cikin ladabi, aka maimaita masa rukuninta da ranar da ta shiga. Wata abokiyar aikinta ta ce ta nemi kansila. Nan ma ba hanya: ƙa'idar 1997 ta hana kansila sa hannu a hukuncin ba da gida idan gidan yana mazaɓarsa ko mai neman a can yake zaune. Wanda ya saba da cewa in kana da ɗaurin gindi komai zai tafi, wannan zai ba shi mamaki. Ita dai takaici ya ba ta.

Akwai kuma wanda ya ba ta shawarar ta daina biyan haya har mai gidan ya kore ta, wai sai ta zama marar matsuguni hukuma za ta kula ta. Ba ta bi ba, don tsoron bashi kawai, ba don ta san abin da ke cikin tsarin ba.

Ranar haihuwar da ta wuce shiru: Yuli zuwa Nuwamba 2022

A watan Yuli 2022 yaron ya cika shekara 10. Aka yanka kek a falon da yake kwana. Babu wanda ya lura cewa daga wannan rana lissafin iyalin ya sauya: ba zai ƙara haɗa ɗaki da ƙanwarsa a ma'aunin hukuma ba, haƙƙinsu ya koma ɗaki uku, abin da suka rasa ya zama biyu. Na'urar rajistar ba ta motsa da kanta ba, ita kuma ba ta san ana sanarwa ba. Ta ci gaba da taya gidaje masu ɗaki biyu daga rukuni C.

A watan Nuwamba labarin Awaab Ishak ya cika kafofin watsa labarai. Yaro ne ɗan shekara 2 da ya rasu a Rochdale a Disamba 2020, mai binciken musabbabin mutuwa kuma ta yanke cewa daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidansu ne ya kashe shi. Gidan nasu ma na ƙungiyar gidaje ne, irin wanda matar take nema. A makon ne ta ɗauki jakar takardunta ta nufi wata cibiyar ba da shawara kyauta.

Mai ba da shawarar ba ta fara da sauraron koke ba. Ta buɗe kundin tsarin rabon gidaje na ƙaramar hukumar, mai shafi sama da 50, ta tambayi ranakun haihuwar yaran. Cikin minti goma ta gano wata huɗun da suka salwanta.

Gyaran fayil: Disamba 2022 zuwa Maris 2023

Abu uku aka yi lokaci guda. Aka aika sanarwar sauyin yanayi game da shekarun yaron. Aka rubuta wa sashen duba-gari na ƙaramar hukumar su zo su ga gidan, abin da matar ba ta san tana da ikon nema a kan gidan ɗan kasuwa ba. Aka kuma sake tattara shaidar lafiya, wannan karon daga nas ɗin da ke duba asmar yarinyar: kwanakin da aka kai ta sashen gaggawa, sau uku duk a lokacin sanyi, ƙarin magani da aka yi mata, da bayani a fili cewa danshi da fumfuna suna tayar da ciwon. Makaranta ta ba da lissafin kwana 19 da yarinyar ta yi fashi a zango ɗaya. Aka haɗa da hotunan bango masu kwanan wata da saƙonnin da ta riƙa tura wa mai gidan tun 2019.

A watan Janairu 2023 aka mayar da ita rukuni B, amma aka sa ranar shigarta Disamba 2022, ranar da ta sanar. Tsarin ya ba da kwana 21 a nemi wani babban jami'i da ba shi ya yanke hukuncin farko ba ya sake dubawa. Suka nemi abu biyu: a kai ta rukuni A saboda cunkoso da ciwo sun haɗu mata, sannan a mayar da ranarta baya zuwa Yuli.

Na farko bai samu ba. Tun hukuncin kotun ƙoli ta lokacin a shari'ar Ahmad da Newham a 2009, ba dole ba ne ƙaramar hukuma ta tara wa mutum buƙatunsa ta ɗaga shi sama da mai buƙata ɗaya, kuma tsarin wannan gari ba ya tarawa. Buƙatu biyu na rukuni B suna nan a B. Na biyun ya samu. Jami'in ya yarda cewa takardar haihuwar yaron tana hannunsu tun 2021, don haka aka rubuta Yuli 2022.

Jami'in duba-gari ya zo a Fabrairu, ya auna danshin bango, ya sa shi a ajin haɗari mafi tsanani a ƙarƙashin dokar 2004. A farkon Maris aka ba mai gidan takardar umarnin gyara. Wannan takarda tana da wani amfani na daban: a lokacin, dokar 2015 ta hana mai gida ba ɗan haya notis ɗin tashi ba tare da laifi ba har wata shida bayan irin wannan umarni. Ya sa fankar fitar da tururi a banɗaki, ya sake filastar bango ɗaya. Fumfunar ta ragu, ba ta tafi ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Hawa rukuni B ya fitar da ita daga neman gida mai ɗaki biyu ya kai ta neman mai uku, waɗanda suka fi wuyar samu nesa ba kusa ba. Akwai makonnin da ko ɗaya ba a tallata ba. Matsayinta ya koma tsakanin 15 da 30, amma a kan gidaje ƙalilan.

Notis: Satumba zuwa Disamba 2023

Wata shida na cika, mai gidan ya aiko da notis na wata biyu a ƙarƙashin sashe na 21 na dokar 1988, wanda a lokacin ba ya buƙatar a faɗi dalili. Ya ce sayarwa zai yi.

Washegari ta kai takardar sashen marasa matsuguni. Tun Afrilu 2018 doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin taimaka wa duk wanda zai iya rasa matsuguni cikin kwana 56, tare da rubuta masa tsarin matakan da shi da hukuma za su ɗauka. Rukuninta bai sauya ba, domin masu fuskantar kora ma B ne. Abin da ya sauya shi ne sharaɗin da aka rubuta mata: ta taya duk gida mai ɗaki uku da ya dace da ita a ko'ina cikin garin, in ba ta taya ba jami'i zai taya a madadinta, kuma in aka yi mata tayin ƙarshe na gidan da ya dace ta ƙi, nauyin da ke kan hukuma zai iya sauka.

Mai ba da shawarar ta zaunar da ita gaban sakamakon gidajen da aka riga aka bayar, wanda ake bugawa a shafin da take shiga kowane mako ba ta taɓa dubawa ba. Kowane gida an nuna yawan masu tayi, rukunin wanda ya samu da ranarsa. Gidaje masu fili a unguwannin da take so, 'yan rukuni A suke tafiya da su, ko 'yan B da suka shekara uku zuwa huɗu. Sassan bene marasa fili a gefen gari kuwa, 'yan B masu shekara ɗaya da rabi suna samu.

Notis ya ƙare a watan Nuwamba. Aka gargaɗe ta kada ta miƙa makulli sai ta samu matsayar hukuma a rubuce, domin wanda ya bar gida da ƙafarsa ana iya cewa shi ya jawo wa kansa rashin matsuguni. Ta zauna, ta ci gaba da biyan haya. Mai gidan ya shigar da ƙara a Disamba. In ta fita, masauki na wucin gadi ne a gabanta, wataƙila ɗakin otal da yara biyu. In ta zauna, kuɗin kotu na iya hawa kanta.

Makulli: Janairu da Fabrairu 2024

A mako na uku na Janairu aka tallata sashe mai ɗaki uku a hawa na farko na wani benen ƙungiyar gidaje, a unguwar da sai an shiga bas biyu kafin a kai makarantar yaran. Mutum 41 suka taya. Ta zo ta uku. Ta farko ta je ta gani ta ce ba ta so. Na biyu aka tsallake shi da aka binciko bashin haya a kansa. Ta huɗu a jerin 'yar rukuni B ce mai ranar Oktoba 2022.

Aka sake tantance takardunta daga farko, aka nemi shaidar biyan haya daga mai gidan, ba ta da bashin ko fam ɗaya. A watan Fabrairu ta sa hannu a yarjejeniyar gwaji ta shekara guda, wadda ke komawa ta dindindin in ba a samu matsala ba. Hayar fam 480 ce a wata. Gidan ya zo babu kafet, babu labule, babu murhun girki, kamar yadda aka saba ba da irinsu. Daga fom na farko zuwa makulli wata 40 ne.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Buƙatar iyalin nan ba ta ƙaru sosai tsakanin 2020 da 2023 ba. Fumfunar tana nan tun sanyin farko, asmar ma haka. Abin da ya sauya shi ne yadda aka rubuta buƙatar. Wasiƙar likita da ta ɗan majalisa sun faɗi gaskiya, amma ba su amsa tambayar da kundin tsarin yake yi ba. Takardar haihuwa, rahoton duba-gari da lissafin nas sun amsa ta. Duk cikin abubuwan da aka yi, mayar da ranar rukuni daga Disamba zuwa Yuli shi ne ya yanke hukunci, domin da ba a yi ba, mai ranar Oktoba ce za ta sha gabanta. Ƙin riƙe kuɗin haya kuwa, abin da ya faru da mutumin da ya zo na biyu ya isa bayani.

Ta fuskar adalci, tsarin ya yi abin da aka gina shi ya yi: ba wanda ya saya, ba wanda ya yi mata alfarma, kuma kowane hukunci ya zo a rubuce da damar ƙalubalantarsa. Laifinsa a ganina shi ne ya bar wa mai nema aikin da ya kamata hukuma ta yi. Ranar haihuwar yaro tana cikin kwamfutarsu, bai kamata sai uwa mai aikin dare ta karanta kundi mai shafi 50 kafin a ƙirga ta ba. Sharaɗin shekara biyu kuma ya cinye mata wata goma ba tare da an dubi halin yarinyar ba ko sau ɗaya.

Zaɓin da sunan tsarin yake alkawari ma bai samu ba a ƙarshe. Ta samu gida ne ranar da ta haƙura da unguwa da fili da kusancin makaranta, notis yana kanta. Mutum 40 da suka taya tare da ita, 38 daga cikinsu ba a ko kira su ganin gidan ba.

Yarinyar ba ta koma sashen gaggawa ba a sauran sanyin wannan shekara. Yaron yana fita ƙarfe bakwai da kwata don ya samu bas na farko. Ciki da falon kuma ba a sayar ba, an yi masa fenti an sake sa shi haya.